Maigida Ya Ce Ya Ci a Waje: Hira Kan Abincin 'Yan Sin

Wadda ke tsintar shinkafa ta ci gaba da tsintarta, mai kitso ta ci gaba da kitsonta, a dai matso da rediyon kusa.

Yau za mu taɓo wani abu da ke shigo mana gida a leda da daddare. Kin yi girki tun la'asar, kin kwashe tuwo kin rufe, kin yi wanka. Ƙarfe goma maigida ya yi sallama, ya ce a ba yara nasa, ya ƙoshi, sun je gidan abincin 'yan Caina shi da abokansa. Wata rana ya miƙo miki 'yar roba da ragowar soyayyiyar shinkafa, wata rana ƙamshin kawai za ki ji a rigarsa. Ko kuma ɗanki ne da ke jami'a, ko 'yarki da ke gidan miji a Abuja, kina jin suna ambaton wasu sunayen abinci da harshe ba ya iya juya su. Ke kuma kina cikin gida, ba ki taɓa leƙa wurin ba, sai zuciya ta shiga saƙa. Me ake dafawa a can? Halal ne? Me suke sawa da ya fi miyata? Wata har ta kai ga cewa asiri ne. To ba asiri ba ne, 'yar uwa, girki ne, kuma yau za mu buɗe tukunyar mu leƙa.

Da farko dai, cewa “abincin Sin” kamar mutum ya ce “abincin Afirka” ne, ya haɗa tuwon dawa da sakwara da kuskus a baki ɗaya. Ƙasar Sin tana da mutane wajen biliyan 1.4, wato ta ninka Nijeriya kusan sau shida. Mutanen arewacinsu alkama suka fi ci, taliya da burodin da ake turarawa. Na kudu shinkafa. Mutanen lardin Sicuwan su ne gwanayen yaji, suna haɗa barkono da wani ɗan itace mai sa harshe ya yi zir kamar ya mutu. Kin san fasaƙwari da muke sawa a yajin jego? To dangi ɗaya suke da wannan itacen. Shi kuwa barkono, mu da su duk baƙo ne a wurinmu, daga nahiyar Amurka Turawan jiragen ruwa suka yaɗo shi kimanin shekara 400 zuwa 500 da suka wuce. Mutanen kudu wajen Hong Kong kuma ba su son yaji sosai, sun fi son a ji ɗanɗanon kifin ko na kazar kanta. Yawancin abin da ake sayarwa a biranenmu ya fi kama da na waɗannan mutanen kudu, an ƙara masa attaruhu don bakinmu.

Ba yau suka zo mana ba kuwa. Tun a shekarun 1960 wasu attajirai daga Hong Kong suka kafa masana'antu a ƙasar nan: masaƙa a Kaduna, kamfanonin roba da silifa a Kano, da masu ƙera kwanonin samira irin waɗanda iyayenmu suka yi jere da su. A 1971 Nijeriya da Sin suka ƙulla hulɗar jakadanci. Inda baƙo ya zauna kuwa, tukunyarsa na biye da shi. Shi ya sa za ki ji gidajen abincin nan a Kano sun fi yawa wajajen Bompai da Nasarawa, a Abuja kuma Wuse da Maitama.

Bari in kwatanta miki yadda wurin yake, tunda abin da ido bai gani ba shi ya fi girma a zuciya. Teburi ne zagayayye, mai cin mutum takwas ko goma. A tsakiyarsa akwai wani faifan gilashi mai juyawa. Ba wanda ake zuba wa nasa faranti daban. Idan mutum shida ne, sai a yi odar abinci kala shida ko bakwai, kaza, kifi, naman sa, ganye, miya, a jere su a kan faifan. Kowa da 'yar tasarsa ta shinkafa a gabansa, ya juyo faifan, ya ɗebi kaɗan daga nan kaɗan daga can. Da tsinke biyu suke ci, amma a nan gida ana ba da cokali ga wanda ya nema. To ke da kika tashi kina cin tuwo a kwano ɗaya da 'yan uwanki, wannan ai ba baƙon abu ba ne a wurinki. Bature ne ke jan farantinsa gabansa. Basine kamar Bahaushe yake, ba ya jin daɗin ci shi kaɗai, har a gaisuwarsu ta tsofaffi sukan tambayi juna ko an ci abinci, kamar yadda muke tambayar gajiya.

Suna da ladubbansu. Ba a soka tsinken a tsaye a tsakiyar shinkafa, don ya yi kama da turaren da suke kunna wa mamatansu. Ƙarami shi ke zuba wa babba shayi, kuma ba ka cika kofinka kafin na maƙwabcinka. A kudancinsu idan an zuba maka, sai ka ɗan ƙwanƙwasa teburi da yatsu biyu, godiya ke nan, ba sai ka katse hira ba. Kifi da kansa da jelarsa ake kawo shi. Ranar murnar haihuwa ana cin doguwar taliya ba a yanka ta, wai fatan tsawon rai. Idan kuma an gama, sai a shiga kokawar biya, kowa na ture hannun ɗan uwansa yana cewa shi zai biya. Wannan kam mazanmu ba sai an koya musu ba. A nan ne fa kuɗin cefanen sati yakan tafi a dare ɗaya, don kada a ce Alhaji ya gaza a gaban abokai.

Yanzu ga maganar da ta fi damun kowa. Dole a faɗi gaskiya yadda take: naman da Sinawa suka fi ci shi ne alade. Kusan rabin aladen da ake ci a duniya, a ƙasarsu ake cinye shi. A harshensu idan aka rubuta “nama” kawai a takardar abinci, ba a ce na sa ko na rago ba, to na alade ake nufi. Kuma mutum ya ce ai ni kaza na ci, ba shi ke nan ba. Akwai kitsen alade da wasu ke soya ganye da shinkafa da shi. Akwai romon ƙashinsa da ake yin miya da shi, ko da abin da ke iyo a saman miyar kaza ce. Akwai ƴan ƙulle-ƙullen fulawa da ake cusa wa nama a turara ko a soya, ko an ce na jatan lande ne sau da yawa ana haɗa shi da kitsen don ya yi laushi. Soyayyiyar shinkafar da ake ce wa ta musamman, a asalinta da gutsattsarin gasasshen alade ake yinta. Sannan akwai giyar shinkafa, wadda suke jiƙa nama da kifi da ita don kashe ƙarni, kamar yadda muke yi da lemon tsami da citta. A wurinsu kayan girki ne kamar gishiri, mai girkin ba zai ga dalilin sanar da kowa ba in ba a tambaye shi ba. Ga kuma maganar yanka, da kasko ɗaya da ake soya komai a ciki.

A garuruwanmu na arewa masu wuraren sun san inda suke, da yawansu ba sa kawo alade kwata-kwata, naman daga kasuwarmu ake sayo shi, masu girkin ma sau da yawa yaranmu ne da suka koya. Amma “sau da yawa” ba ta zama “kullum” ba, kuma Kano daban, Ikko daban. Abin da nake so ki faɗa wa maigida, cikin raha ba da faɗa ba, shi ne ya buɗi baki ya yi tambaya. Kuna dafa alade a gidan nan? Da wane mai kuke suya? Kuna sa giya a girki? Waye ke yanka muku kaji? Mai kuɗinsa ne, ba roƙo ya je yi ba. Mazanmu sukan ji nauyin tambaya a gaban abokai kada a ce ƙauyanci ne, alhali a nan gida in gishiri ya ɗan yi yawa sai an kira ki an tuhume ki. Idan amsar ba ta fito sarai ba, a tashi. In kuwa zama ya zama dole, kifi da aka turara da farar shinkafa sun fi nisa da shubuha, shi ma a ce kada a sa masa giyar. Kayan ruwa, kifi ne, jatan lande ne, ƙaguwa ce, a mazhabar Malikiyya da muke bi babu matsala a kansu. Abin da ya shige miki duhu kuma, ki aika a tambayar miki malam.

Wani abin da mata da yawa ba su sani ba, a ƙasar Sin akwai Musulmi masu yawa, kuma suna da girkinsu mai suna. A ƙidayar 2020 ƙabilar Hui sun haura miliyan 11, ƙabilar Uigur ma haka. Matan 'yan kasuwar Kantin Kwari da na Sabon Gari, ku kun san sunan Gwanzo, wanda a takarda ake rubutawa Guangzhou. Ba gwanjon kayan sawa ba fa, birni ne babba a kudancin ƙasar, inda mazajenku ke zuwa saro atamfa da leshi da wayoyi. A can akwai wata unguwa da ake kira Shiyawbei, inda 'yan Afirka da Larabawa da Musulmin Sin suka daɗe suna cuɗanya. Idan an tashi daga kasuwa da yamma, nan ake haɗuwa, mutum huɗu biyar, a ci abinci a lissafa ribar yini. A birnin akwai wani tsohon masallaci da Musulmin can suke dangantawa ga Sa'ad bin Abi Waƙƙas, har da kabarin da suke cewa nasa ne, ko da yake malaman tarihi sun fi tafiya a kan cewa a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Unguwar ta ragu ba kamar shekarun baya ba. A watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, an kori baƙaƙen fata da dama daga masaukansu a birnin, wasu wuraren cin abinci suka hana su shiga, har hukumomin Nijeriya suka kira jakadan Sin suka nuna ɓacin ransu. Duk da haka fatauci bai tsaya ba.

Abin da mazajenku suka fi ci a can shi ne taliyar Lanjo, da sunan garin da ta fito. An ce wani Musulmi mai suna Ma Baozi ne ya fito da ita yadda ake yinta yau, a 1915. Ke mai murza taliya da inji ki shanya a igiya, saurari wannan. Su ba inji. Mai girkin zai ɗauki curin kwaɓaɓɓiyar fulawa, ya ja shi har iya buɗewar hannayensa, ya ninka, ya sake ja. Kowane ninki silin na ninkuwa, biyu, huɗu, takwas, kafin ya ninka sau bakwai ya sami sili 128, a gabanka, cikin minti ɗaya ko biyu. Ya jefa a tafasasshen ruwa, ya tsame, ya zuba romon naman sa da ya kwana a wuta, garau kamar ruwan shayi, da yankan nama, da man barkono, da ɗanyen ganye a sama. Su kuma Uigur tsire suke gasawa na rago, da dafa-dukar shinkafa da karas da nama, da wata gurasa ta tanderu wadda in an ajiye ta kusa da ta Jakara sai an duba sosai. A birnin Shi'an Musulmi na da wani abinci da ake gutsuttsura gurasa ƙanana a kwano a kwarara mata romon rago. Bakano ya ga wannan ai sai ya ce gida ya zo.

Da, alamar gidan abincin halal a can kore ce, da rubutun Larabci a jiki. Daga wajen 2018 zuwa 2019 hukuma ta sa an cire Larabcin daga allunan shaguna a garuruwa da dama, har da Beijin. Saboda haka mai tafiya ya koyi gane kalmar da haruffansu. Haruffa biyu ne, ana faɗinsu kamar “cing-jan”. A sa yaro ya nemo hotonsu a waya kafin a hau jirgi. Wannan saƙon ki isar wa maigida ko ɗanki in tafiyar farko ce.

To bari in ba ki dariya. Ke da kike cewa ba ki san abincin Sin ba, wa ke yin awara a gidan nan? Awarar waken suya da kike tashi da asuba ki kai niƙa, ki tace, ki tafasa, ki zuba ruwan tsami ta dunƙule, ki ɗaure a ƙyalle ki danne da dutse, yara su fita da ita talla, wannan abincin Sinawa ne tun fiye da shekara dubu. Su suna ce mata dofu. Ba ta yaɗu a wurinmu ba sai daga ƙarshen shekarun 1980, lokacin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da abokan aikinta suka shiga koya wa mata sarrafa waken suya. Muka ara mata sunan awarar nono ta Fulani, muka ƙara mata attaruhu da albasa, ta zama tamu. Su kuma ba suya kawai suke mata ba, suna yanka ta a miya, suna dafa ta da niƙaƙƙen nama da yaji. Ki gwada jefa soyayyiyar awara a miyar alayyahu ranar da nama ya yi tsada, ki ji. Indomie kuwa da yara ke cewa ta 'yan Caina ce, ba tasu ba ce, asalinta daga Indunusiya take, kuma tun tsakiyar shekarun 1990 a Ota ta jihar Ogun ake yinta.

Baƙin ruwan nan mai gishiri da ke ba abincinsu launi da ɗanɗano, wanda ake sayarwa a kwalba ana ce masa soya sos, shi ma ba wani abin tsoro ba ne. Waken suya ne da alkama da gishiri, a bar su su ruɓa watanni a tace. Daddawarsu ke nan, ta ruwa. Wanda aka yi ta hanyar ruɓarwa yakan ɗauki ɗan burbushin sinadarin giya da ke fitowa da kansa, shi ya sa ake samun masu tambarin halal a jikin kwalba. Ki sa a duba miki tambarin, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewa. Abin da ya fi ba ni tsoro a kansa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Babban cokali ɗaya na wannan ruwan ya kusa cinye rabin wannan kason. Idan maigida na da hawan jini, ko ƙafarsa na kumbura, kuma yana zuwa wurin nan sau biyu a sati, to wannan ya fi cancanta ki yi masa magana a kai fiye da kishin tuwo.

Farin magi ma an daɗe ana jingina shi ga Sinawa. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, shi ya gano shi a 1908 daga wani ganyen teku. Yau daga rake ko rogo ko masara ake yinsa. A 1968 wani likita a Amurka ya rubuta wa wata mujallar likitoci wasiƙa yana cewa yakan ji kasala da bugun zuciya bayan ya ci a gidajen abincin Sinawa, daga nan magana ta bazu duniya. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya ba su tabbatar da cewa gwargwadon da ake sawa a girki na cutar da mutane ba. Sinadarin da ke cikinsa shi ne dai ke cikin daddawa da tumatir. Ni dai abin da zan ce, kada a haɗa shi da dunƙulen magi huɗu da gishiri da soya sos a tukunya ɗaya, don duk gishiri ne ke taruwa.

Sai robar nan da ake shigo miki da ita. A nan nake so ki buɗe kunne, don a nan yara ke cutuwa. Shinkafa tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da tafasa ba ta kashe ta gaba ɗaya. Idan dafaffiyar shinkafa ta zauna a ɗumi awanni, ƙwayar na farfaɗowa ta zuba guba, kuma wannan gubar ɗumame ba ya kashe ta, ko kin soya ta yi ƙauri. Alamarta amai, cikin awa ɗaya zuwa biyar bayan an ci. Ki lissafa da kanki: an soya shinkafar ƙarfe takwas, ta zauna a teburi ana hira, ta zauna a mota, ta iso gida ƙarfe goma, ba wuta, firij ya zama kabad. Da safe a ɗumama wa yara su tafi makaranta. A zafin Afrilu wannan ganganci ne. In ta iso, a ci a daren. In akwai firij mai sanyi na gaske, a sa nan take, a cinye washegari, ɗumame sau ɗaya. In babu, kuma an ƙoshi, a miƙa wa almajiri tun tana da lafiya, ba sai ta kwana ta yi yauƙi ba, shi ma ɗan wani ne. Wannan hukuncin har shinkafar tukunyarki ya shafa.

Na san wata na can tana cewa, duk na ji, amma ni abin da ke ci mini rai ba alade ba ne, wulaƙancin ne. Gaskiyarki. Mace ta tsaya a gaban murhu awa uku, hayaƙi ya cika mata ido, a zo a ce an ƙoshi. In gidan mata biyu ne ma abin ya fi ciwo, don ranar girkinta ce aka ci a waje, gobe a zauna a sha miyar abokiyar zama har da neman ƙari. Maigida, ranka ya daɗe, in kana kusa da rediyon nan da kai nake. Ba wanda ya hana ka zama da abokanka, zumunci ne, wani lokacin ma a nan ake ƙulla ciniki. Amma ga waya a aljihunka. Tun azahar ka san za ku fita, ka faɗa mata ta rage sanwa. Kuma wadda ka ajiye a gida, ba ta fita sai da izininka, idanunta a duniya kai ne. Ka sayo mata nata sabo, ba ragowar teburi ba. Yawancin manyan gidajen abincin nan suna da ɗakuna na keɓe masu ƙofa, don haka al'adarsu take, iyali su shiga su rufe. Sau ɗaya a shekara, bayan salla, ka ɗauki iyalinka ka kai su ta gani da idonta. In biyu ne, ka san sauran.

Ke kuma uwargida, kada ki tare shi da kumburin fuska a bakin ƙofa. Namijin da ya san faɗa na jiransa, gobe sai ya ƙara awa ɗaya a waje. Ki tambaye shi me suka ci, yaya kalarsa, me ya ji a ciki. Ranan nan sai ki ba shi mamaki.

Ga yadda za ki yi. Sirrin girkinsu wuta ce mai ƙarfi da sauri. Kaskonsu mai zurfi ne kamar na suyar ƙosai, to kin ga kina da shi. Murhun gawayi da aka fifita ya yi ja ya fi ƙaramin risho ba da irin wutar da ake so. Komai ana yanka shi ƙanana a ajiye a gefe kafin a ɗora kasko, don in an fara ba tsayawa, minti biyar an sauke. Ki dafa shinkafa gwangwani biyu, ki rage mata ruwa ta yi warara, ki baza a tire ta huce da wuri, a fifita ta in da hali, kada ta wuce awa ɗaya a shimfiɗe. Ki yanka tsokar kaza ko ta sa siri-siri, ki cuɗa da cokali ɗaya na soya sos, da farin ƙwai ɗaya, da cokali ɗaya na garin kwanfulawa, ki bar shi minti 15. Wannan garin shi ke sa namansu ya yi sulɓi a baki. Ki yanka karas, koren wake, kabeji, tattasai, albasa mai lawashi, ki daka tafarnuwa da ɗanyar citta. Kasko ya yi zafi har ya fara hayaƙi kafin ki zuba man gyaɗa, ludayi ɗaya ƙarami. Nama ya fara shiga, ki juya har ya dahu, ki kwashe. Ki fasa ƙwai uku ki dagargaza, ki kwashe. Sai citta da tafarnuwa, ƙamshi na tashi ki zuba karas da wake, kabeji daga baya. Kada ki bari su yi laushi, su ana son a ji ƙaras-ƙaras a haƙori, a nan ne hannunmu ya saba wuce gona da iri. Sai shinkafa, ki yi ta juyawa, ki zuba soya sos cokali biyu ta gefen kasko, ki mayar da nama da ƙwai, lawashi a ƙarshe. Ba kori, ba tumatir, gishiri sai kin ɗanɗana. In gidan da yawa ne ki soya kashi-kashi, in kika cika kaskon dahuwa za ta yi ba suya ba.

Kuma wa ya ce cin abinci da ƙawaye sai maza? Ranar ɗaukar adashi, ko in 'yan uwa sun zo wuni, ki nemi izini, ku yi irin teburinsu a tabarma. Wata ta zo da shinkafar, wata da awara a miya, wata ta soya kabeji da citta, wata ta turara kifi da lawashi. A jere a tsakiya, kowa da 'yar tasarta, a dafa shayi ba madara. Faifan gilashi mai juyawa ne dai babu, sai a sa autar gida ta riƙa miƙo kwano. Mai son gwada tsinken, a feƙe mata tsinken tsire guda biyu, a matsar da yara masu dariya.

Lokaci ya ƙwace mana. Wadda ta gwada shinkafar ta aiko mana da yadda ta kaya, da abin da maigida ya ce. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu shiga maganar ajiyar kayan miya lokacin da tumatir ya yi araha. A gaida yara, a gaida maigida. Wassalamu alaikum.